Babur na farko: wanda ƙafarka za ta iya tarewa

Kuɗin auduga da na albasa sun shigo hannu, shi ya sa saƙonnin da suka zo mini wannan mako daga arewacin Kamaru kusan duk a kan babur suke. Na zaɓi shida na masu koyo, na gajarta wasu saboda tsawo. Masu tambaya a kan keken ɗinki da firji su yi mini haƙuri sai wani makon.

Kawu, ina gaisuwa. Shekarata 23, tela ne ni a Yelwa, nan Garwa. Shekara biyu ina zubin adashi, yanzu na kwasa, da ɗan abin da na ajiye ya kai jaka 750, wato sefa dubu 750. Ban taɓa mallakar babur ba, sau uku kawai na hau na abokina a filin ƙwallo. Abokaina sun ce in sayi mai 150 ko ma 200, wai ƙarami wata biyu zan yi da shi in fara jin kunya. Me ka gani?

Ɗana, Allah ya sa albarka. Mutumin da ya yi shekara biyu yana zubi bai fasa ba yana da haƙurin da babur yake so.

Akwai abin da abokanka ba su gaya maka ba: babur ɗin nan sai ka kayar da shi. Ba baki nake yi maka ba. Duk wanda ka gani yana ratsa kasuwa kamar a kan sirdi aka haife shi, ya taɓa kwantar da nasa, kuma yawanci ba a guje ba. A ƙofar gida ne, ko garin juyawa a lungu, ko a daidai inda kwalta ta ƙare yashi ya karɓa. Saboda haka tambayar da za ka riƙe a ranka idan ka shiga shago ita ce: ran da ya karkata, ƙafata za ta tare shi? In ya kai ƙasa, zan ɗaga shi ni kaɗai? Abin da ya karye kuma, nawa ne, a rumfar wa yake rataye?

Lambar nan da ake rubutawa a jiki, 100 ko 125 ko 150, girman cikin injin ne, wato yawan iska da man da fistan yake zuƙa a bugu ɗaya. In ta ƙaru, ƙarfi ya ƙaru, nauyi ya ƙaru, shan mai ma haka. Ƙarfin ne matsalar mai koyo. Hannunka bai saba ba tukuna, kuma duk sabon hannu in ya firgita damƙe totur yake yi, damƙewar kuwa murɗawa ce. Akuya ta fito daga lungu, ka razana, ka damƙe. Mai 100 zai zabura kaɗan ya ba ka damar tuna inda birki yake. Mai 200 kafin ka tuna ya kai ka cikin teburin mai shayi. Ga nauyi: ko ƙananan nan sun haura kilo 100, wato ka ɗauka buhun masara ne cikakke a tsakanin cinyoyinka, da ɗori. Kowane kilo da aka ƙara a kai, ƙafarka ta hagu ce za ta biya.

Ni dai shawarata ka tsaya tsakanin 100 da 125. Mai 150 yana da ranarsa: wanda yake ɗauko buhuna daga kasuwar Pitowa ranar Lahadi, ko mai yawan bin hanyar Garwa zuwa Marwa mai kusan kilomita 200, ko mai hawan tsaunin hanyar Ngaundere da mutum a baya. Kai kuwa daga gida zuwa shago ne, sai kasuwa sayen zare da shadda. Ina za ka kai ragowar ƙarfin?

Batun suna kuma. Abin da ya cika titunanmu gida biyu ne: na Indiya, irin su Boxer na kamfanin Bajaj da HLX na TVS, da na Sin, irin su Haojue da Sanili da Nanfang da Lifan. Da yawa daga injinan Sin ɗin nan kwaikwayon Honda CG125 ne, wanda Japanawa suka fito da shi a tsakiyar shekarun 1970 musamman domin ƙasashen da ba a cika kula da juyen baƙin mai a kan lokaci ba. Shi ya sa kowane yaron bakanike ya san cikinsu kamar yunwar cikinsa, kuma kayan wani sukan shiga wani. Ba zan ce maka ga wanda ya fi ba, domin mai shago ma ba shi ne zai gaya maka gaskiya ba. Ka ɗauki yamma ɗaya ka je ka zauna a rumfar bakaniken da ya fi kusa da gidanku. Ka ɗaga kai ka ga kayan wane babur ne suka fi yawa a rataye. Ka saurari abin da yake zagi yana kwancewa. Sannan ka sayi shayi ga 'yan kilando, wato 'yan acaɓa, biyu ko uku, waɗanda baburansu suka tsufa, ba masu sababbi ba, ka tambaye su me suka canza a shekarar farko. Tafiyar da za ka yi a shekara ɗan kilando a 'yan watanni yake cinye ta, don haka ya riga ka ganin ƙarshen kowane inji. Babur mai kyau da babu kayansa a garinku ado ne kawai na zaure.

In ka je shago kada ka tsaya kallon fenti. Hau ka zauna. Tafin ƙafafunka biyu su taɓa ƙasa, ba kan yatsu ba. Karkata shi hagu kaɗan ka ji inda nauyin yake fara rinjayarka. Sauka ka tura shi baya taku biyar. Ɗora shi a kan babbar ƙafar da ake kafa shi a kai in an ajiye, ka sauke. In ka yi waɗannan gumi bai karyo maka ba, kun dace. Ka kuma tambayi yadda giyarsa take, domin ba ɗaya ba ne: wani duk ƙasa ake takawa, wani ta ɗaya ƙasa saura sama, wani kuma zagaye take yi, daga ta ƙarshe ta komo firi. Wanda ya koya a kan wani tsari ya hau wani, nan ne zai nemi ƙara giya ya rage, babur ya yi kuka ya tirje.

Yanzu maganar da ta fi duk waɗannan. Jaka 750 ɗin nan ba kuɗin babur ba ne, kuɗin hawa babur ne, kuma da bambanci. A ciki akwai kart giriz, wato takardar rajistar babur, da sunanka, da asirans, wato inshora, da parmi, wato lasisin tuƙi, na rukunin A, da hular kwano ta gaske, da sarƙa da kwado na ɗaurewa, da juyen baƙin mai na farko. Ka fara zagayawa ka ji nawa kowannensu yake a yau, ka cire, ka ajiye gefe a wurin wanda ba zai ba ka ba ko ka yi kuka. Abin da ya rage shi ne kuɗin babur. Na ga samari da yawa sun juye komai a kan kanta, sun fito da sabon abu yana walƙiya ba takarda ko ɗaya, sai su koma bin lunguna suna gudun jandarma. Mai gudun jami'i ba ya kallon hanya.

In sabo ka saya, daga shago ka wuce wurin bakanike, ba majalisa ba. A kwali baburan nan suke zuwa, yara ne suke haɗa su a ƙofar shago, su haɗa da yawa a yini. A bi kowane noti a ƙara ɗaurewa, musamman na ƙafafu da na birki, a duba baƙin mai. Sannan ka lallaɓa shi kilomita 500 zuwa 1,000 na farko, ba gudu ba kaya mai nauyi, ka juye mai da wuri domin ƙurar ƙarfen sabon inji ta fita.

Kunya kuwa, waɗanda suka ce za ka ji ta, ka lura da kyau: su ne za su fara zuwa aro.

Kawu, malamin makaranta ne ni, an tura ni wani ƙauye a bayan Gidar. Jaka 300 nake da ita, sabo ya fi ƙarfina. Wani dillali ya nuna mini na hannu, ya ce na wani Alhaji ne da ba ya hawa sai ranar Juma'a. Fes yake kamar sabo. In saya?

Malam, wannan Alhajin na san shi. Kowane dillali daga Ngaundere har Kusiri yana da shi, kuma har yau bai gama sayar da baburansa ba.

Na hannu ba laifi ba ne, ga mai koyo ma ya fi kwanciyar hankali, domin ƙujewar farko ba za ta hana ka barci ba. Amma ka ji abin da ya same ni, shekaru da yawa da suka wuce. An kira ni da la'asar in zo in ga wani babur. Na tarar an wanke shi, an shafe tayoyin da mai suna ƙyalli, bugu ɗaya ya tashi, sauti lafiya lau. Na biya a tsaye. Kwana uku na juye baƙin mai, abin da ya fito kauri gare shi kamar kunun tsamiya da ya kwana. Da aka zuba na daidai, salansa ta fara tunƙaho shuɗin hayaƙi har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta tambaya ko shara nake ƙonawa. Ringi, wato zoben fistan, ya cinye tuntuni, mai kauri aka ɗura domin ya rufe asiri, aka kuma ɗumama injin kafin in iso. Kuɗin da na yi murnar ragewa, bakanike ya karɓe shi har da riba.

Don haka ka ce wa dillali da sassafe za ka zo, kuma kada a tayar kafin ka iso. Da zuwanka ka ɗora bayan hannu a kan injin. In da ɗumi, ka ce sai gobe. Injin sanyi ba ya ƙarya. A tayar a gabanka, kai kuma ka tsaya a baya kana kallon salansa: shuɗin hayaƙi inji yana shan baƙin mai ke nan, gyara mai tsada, baƙin hayaƙi yawanci kabireta ce, wannan da sauƙi. Zaro ma'aunin mai ka murza a yatsu. Tsuguna ka dubi haƙoran sifoket, faifan da sarƙa take hawa: in sun yi tsini sun lanƙwasa kamar ƙugiya, ita da sarƙa duk sun tafi. Dubi shokozoba na gaba ko mai yana tsatsafowa. Tsaya a gabansa ka saita taya ka ga ko kan ya miƙe. Sannan ka sa a cire sirdi. Nan ne labarin yake. Babur da ya yi kilando ko dakon jarkoki, ƙashin bayansa yakan tsage a yi masa walda a shafa fenti. In ka ga sabon fenti a inda rana ba ta kaiwa, ka tambayi kanka me aka binne.

Kada agogon kilomita ya ruɗe ka, cire wayarsa aikin minti ɗaya ne. Robar matakin ƙafa da ta hannu su ne shaidu. Babur ɗin Juma'a ba ya cinye robar mataki har ƙarfe ya fito. A gefen taya kuma akwai lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tsohuwar taya ko da zanenta yana nan, zafin Maris da Afrilu ya riga ya busar da ita.

Tunda ƙauye za ka, ka fifita mai ƙafar sifok, wato mai wayoyi irin ta keke, a kan mai ƙafar alminiyam, domin sifok in ta lanƙwashe a rami ana miƙe ta, ɗayar kuwa tsagewa take yi. Ka tabbata kik yana aiki, kada ka dogara da batir. Ka koyi cire soson iska ka wanke da kanka, saboda ƙurar hunturu. Da damina kuma in ka iso bakin mayo, wato rafi, ka ga ruwa yana gudu, ka jira ka ga inda mutanen garin suke bi.

Duk wannan in takarda ba ta cika ba, aikin banza ne. Lambar shasi tana a wuyan babur, ƙarƙashin kai. Goge ta da tsumma ka karanta harafi-harafi, ka gwada da ta kart giriz. In akwai alamar an kankare ko an sake bugawa, ka tafi ko sallama kada ka tsaya yi. Sunan da yake a kart giriz shi ne zai sa hannu a takardar ciniki, da katin ɗan ƙasarsa, a kai kwamisariya, ofishin 'yan sanda, a buga hatimi, sannan ka nemi a mayar da takardar sunanka. In Alhajin gaske ne, zai fito. Wanda aka kama da babur ɗin sata, "ban sani ba" ba ta fitar da shi da wuri, kuma kai ma'aikacin gwamnati ne.

Ka tafi da bakanikenka, ba na dillali ba, ka biya shi ladan yininsa.

Kawu, ni ma'aikaciyar jinya ce, ina zaune a Domayo, Marwa. Kuɗin kilando safe da yamma ya ishe ni, maigida kuma ya amince in sayi nawa. Ba ni da tsawo sosai, ko keke ban iya ba. Wanne ya dace da ni?

'Yata, fara da keken. Da gaske nake. Ari na yaran gida ki yi mako biyu a tsakar gida ko bayan gari da sassafe. Daidaita jiki a kan ƙafa biyu shi ne rabin karatun, kuma faɗuwa daga keke ba ta cika kai mutum wurin aikinku.

Babur mara kuloci ne ya dace da ke. Su kuwa iri biyu ne, mutane suna haɗa su alhali ba ɗaya ba ne. Akwai wanda ake ce wa roba-roba, yawanci mai 110: yana da giya ta ƙafa amma babu kuloci a hannu, ƙafafunsa manya ne kamar na babur ɗin maza. Akwai kuma sikuta, wadda ba ta da giya sam, bel ne a ciki, murɗawa kawai ake yi, ƙafafunta ƙanana, ga wurin ajiye jaka a ƙarƙashin sirdi. A ido sikuta ta fi daɗi, kuma da a ce duk hanyarki kwalta ce da na ce ki ɗauke ta. Amma kin fi ni sanin lungunan Marwa. Da kin sauka daga babban titi yashi ne, ƙaramar taya kuwa nitsewa take yi a yashi, kai ya fara rawa a hannunki, ramin da babbar taya za ta haye ita faɗawa take yi. Ga shi ba kowane bakanike ne ya iya cikin sikuta ba. Roba-roba nake ba ki shawara: ba nauyi, sirdi ƙasa-ƙasa, tsakiya a buɗe yadda za ki hau da zani ba tare da ɗaga ƙafa ba, mai kuma kaɗan yake sha.

Abin da nake so ki riƙe fiye da sunan kowane kamfani shi ne bakin hijabi da gefen zani. Iska takan kwashe su ta kai cikin sarƙa ko sifok na baya, kuma taya ba ta tsayawa ta tambaya: nannaɗewa take yi ta fizgo mutum ta wuya. Ke da kike asibiti wataƙila kin karɓi irin waɗannan. Kafin ki tayar, ki tattara komai ki zauna a kai, ki sayi mai cikakken murfin sarƙa, kuma in za ki ɗauki wata a baya ki duba nata da idonki. Hular kwano ki gwada ta da ɗan kwali mara ƙulli, irin wanda za ki riƙa ɗaurawa, domin wadda ta zauna a kan gwaggwaro ba ta zauna a kai ba. Takalmi mai rufi, ba silifa ba. Yara kuma kada a ɗora su a gaba, a bayan ma sai kin yi watanni hannunki ya faɗa.

Mai koya miki, in da hali, ya zama wata 'yar'uwa da ta daɗe tana hawa. Maigida ya yi nasa da ya amince. Koyar da tuƙi tsakanin miji da mata, sau da yawa a kan tuwon dare ake ƙarasa shi.

Kawu, daga Kusiri. Wani ya ce zai kawo mini sabo dal ta bayan fage, ba duwan, wato ba a biya kuɗin kwastan ba, ragin ya kai jaka 100. Yaya?

Ƙanena, banza ba ta kai zomo kasuwa. In babu takardar duwan babu kart giriz, in babu kart giriz babu asirans, kuma ran da ka so sayarwa a wulaƙance za a taya. Kai da kake Kusiri ka fi kowa sanin yawan shingayen da ke hanyar Mora, kuma tun da rikicin Boko Haram ya shigo yankin nan babu abin hawan da jami'ai suke sa wa ido kamar babur. Gadar Ngeli ma ba za ka tunkare ta da shi ba in kana da hidima a Njamena. Jaka 100 ɗin da kaɗan-kaɗan za ka mayar da ita a bakin hanya, ranar ƙarshe kuma a ɗora babur ɗin a bayan mota kana kallo.

Kawu, sabon babur zai iya shan zuwa-zuwa, ko dole sai gidan mai?

Da can tambayar ba ta da wuya, domin zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya ta bayan fage ana sayarwa a kwalba, ya fi araha nesa ba kusa ba. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 lissafin ya canza, a nan Kamaru kuma litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, ta koma 840 a Fabrairun 2024. Yanzu sai ka auna ragin da kanka a garinku, ka ga ko ya kai.

Fetur ɗin kansa ba shi ne abin tsoro ba, hanyar da ya biyo ce: jarka mai datti, ruwa a gindin kwalba, wani lokaci a sirka da kananzir. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe kabireta, kuma mai koyo in babur ya mutu masa a tsakiyar mahaɗa ruɗewa yake yi. A watannin farko ka sha a gidan mai. In tafiya ta kai ka inda babu, ka ɗaga kwalbar ka kalli gindinta a rana, a tace da ƙyalle mai tsabta, kuma ka sa bakanike ya ɗaura maka ɗan matacin mai a kan tiyo, kuɗinsa bai kai na farantin shinkafa biyu ba. Inda na fi so ka yi taurin kai shi ne baƙin mai. Na aune a kwalbar lemo kada ya shiga injinka. Ka sayi na gwangwani a rufe, mai lambar da littafin babur ɗin ya faɗa, a zafin ƙasar nan yawanci 20W-50, a buɗe a gabanka.

Malam, ɗana ya gama sakandare, ya dame ni in saya masa babur, har yana cewa zai riƙa taɓa kilando da yamma. Uwarsa ta ƙi, ni kuma ina ganin gara in saya masa da ya riƙa aron na abokai. Ina mafita?

Alhaji, ku biyun duk kuna da gaskiya. Yaron da ya ƙwallafa rai zai hau, da izini ko babu, kuma na aro ba a san lafiyar birkinsa ba. Amma Hajiya ma ba tsoron banza take ji ba.

Batun kilando a ajiye shi tukuna. Dokar Firaminista ta 2008 a kan wannan sana'a ta ce sai mai shekara 18 da parmi na rukunin A, kuma ko ya cika waɗannan, ɗaukar ran wani a baya ba aikin ɗan wata uku ba ne. Ka saya masa ƙarami, mai 100, takardu da sunanka, makulli a aljihunka. Parmi kuma ya je makarantar tuƙi ya zauna ya koya, kada a kawo masa har gida.

Hular kwano ita ce sharaɗin da babu ciniki a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa sa ta yadda ya kamata yana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, na mummunan raunin kai kuma da kusan kashi 70. Sai dai ba kowace roba ce hula ba. Wadda ake bayarwa kyauta da sabon babur sau da yawa in ka matsa ta da hannu biyu sai ta lotsa, hular magina ma ba ta wannan aikin ba ce. Ta gaske tana da farin soso mai tauri a ciki, kaurinsa ya kai yatsu biyu, a jikin igiyarta kuma akan ɗinka ɗan ƙyalle mai harafin E da lamba a cikin da'ira, alamar ta cika ma'aunin Turai. Ta kama kai ba ta juyawa, a ɗaure igiyar a haɓa. Zai ce zafi. Gaskiya ne, a Afrilun Garwa da zafi ke haura 40 ba daɗi. A sayi fara mai ƙofofin iska. Ran da ka gan ta rataye a madubi yana tafiya, makulli ya kwana mako guda a wurinka.

Akwai kuma wani karatu da zai ɗauko a majalisa wanda nake so ka riga su: wai birkin gaba kayar da mutum yake yi, kada a taɓa shi. Har cire shi wasu suke yi. Alhali in babur yana tsayawa nauyi gaba yake komawa, don haka mafi yawan ƙarfin tsayawa a tayar gaba yake. Abin da yake kayarwa shi ne cafke shi lokaci ɗaya, ko kama shi a kan yashi ko a cikin kwana. Matsa shi ake yi a hankali kamar ana matse lemon tsami, tare da na baya, babur yana miƙe.

Kafin ya hau titi, ka kai shi fili bayan sallar asuba, kai da kanka. Ka ja layi a ƙasa da sanda, ya taho a giya ta biyu ya tsaya a kan layin da birki biyu, sau ashirin. Ka jera duwatsu shida, taku huɗu-huɗu a tsakani, ya ratsa su ba tare da ya sa ƙafa ba. Ya yi juyi hagu da dama, idonsa a inda zai je, ba a kan taya ba. Ya tashi daga tsaye sau goma injin bai mutu ba. Sannan ka kashe injin, ku shimfiɗa tsohon buhu, ku kwantar da babur ɗin a kai, ka ja da baya ka ce ya ɗaga. Ran da ya yi duk waɗannan a jere, ka kira Hajiya ta zo filin ta gani da idonta.